Giya da shayarwa: lissafin awa biyu ba zai yi mana aiki ba

A sassa da dama na duniya akwai wata tsohuwar magana da mata ke gada daga kakanni, wai giya tana kawo wa mai jego ruwan nono. A Meziko ana ba mai shayarwa giyar gargajiyarsu da ake kira pulke, a Taiwan da wasu yankunan ƙasar Sin ana dafa mata kaza da giyar shinkafa a watan farko na jego, a Jamus da Ingila kuwa an daɗe ana yabon giyar sha'ir, har wani kamfani a Amurka ya fito da wata marar ƙarfi sosai a 1895 yana tallata ta ga masu shayarwa. Nan gida ma maganar ba baƙuwa ba ce. A kudancin Najeriya bammi ake miƙa wa mace idan ta sauka, a birane akwai masu haɗa mata baƙar giya da madara da sunan ƙarin jini da nono, sannan a yankunan da burukutu da fito suke abin sha na yau da kullum, daga Filato da Binuwai da kudancin Kaduna har arewacin Gana da Kamaru, ana ganin mace da goyo a baya da ƙoƙo a hannu. Yanzu kuma wata sabuwar magana ta shigo ta waya, tana yawo da sunan likitocin Turawa: kofi ɗaya ba komai, in dai an jira awa biyu kafin a ba yaro mama. A ganina tsohuwar maganar camfi ce tsagwaronsa, sabuwar kuwa riga ce da aka ɗinka daidai wuyan wasu. Shawarar da ta dace da gidajenmu ita ce mai shayarwa ta bar giya gaba ɗaya har ta yaye, kuma a faɗa mata haka ta hanyar da ba za ta sa ta bar shayarwar ba.

Daga jini jikin mace ke haɗa nono, barasa kuwa sinadari ne mai narkewa cikin ruwa, babu wani shinge da ke hana ta ratsawa daga jini zuwa mama. Saboda haka gwargwadon barasar da ke cikin jinin uwa, kusan gwargwadonta ke cikin nononta. Tana kai ƙololuwa minti 30 zuwa 60 bayan an sha, ta ɗan jinkirta idan akwai abinci a ciki, kuma ba ta barin nono sai ta bar jini. Hanta ce ke yin kusan dukan aikin kawar da ita, da saurinta na halitta wanda ba a iya ƙara mata. Shi ya sa dabarar tatse nono a zubar ba ta tsarkake komai, domin wanda zai taru bayan tatsar daga jinin nan dai zai fito. Shan ruwa da yawa, ko gahawa, ko wanka, duk haka suke. Adalci ya sa a faɗi cewa abin da ke isa cikin jariri kaɗan ne, masana sun ƙiyasta shi da kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na abin da uwa ta sha idan an daidaita da nauyin jikin kowannensu. Sai dai kaɗan ɗin yana shiga jikin da bai shirya masa ba. Hantar sabon jariri ba ta yi ƙwari ba, a makonnin farko tana sarrafa barasa da kusan rabin saurin ta babba, ƙwaƙwalwarsa kuma tana girma da saurin da ba za ta sake yi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Maganar kawo nono an gwada ta, ba sau ɗaya ba. A 1991 Julie Mennella da Gary Beauchamp na cibiyar Monell da ke Filadelfiya sun wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun gayyaci mata masu shayarwa sau biyu, rana ɗaya aka ba su ruwan lemo zalla, ɗaya ranar aka zuba barasa kaɗan a cikinsa, sannan aka riƙa auna nauyin jariran kafin shan mama da bayansa. A sa'o'i uku zuwa huɗu da suka biyo bayan barasar, abin da jariran suka sha ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100, warin nonon ma ya canja. Bayan shekara biyu suka maimaita da giyar kwalba, sakamakon bai sauya ba, kuma iyayen ba su lura an samu ragi ba. A 2005 Mennella da abokan aikinta suka nuna dalilin. Sinadari biyu ke tafiyar da shayarwa, furolaktin mai sa jiki ya haɗa nonon, da oksitosin mai matso shi ya sauko idan yaro ya kama. Barasa tana ɗaga na farkon, tana danne na biyun. Sai mama ya cika ya yi nauyi, uwa ta ji kamar nono ya ƙaru, alhali kuwa ƙin sauka ya yi. A nan ne asirin daɗewar camfin yake: abin da mace ke ji a jikinta gaskiya ne, fassarar da aka ba shi ce kuskure. Ko abin da ake yabo a giyar sha'ir, an gano cewa sinadarin da ke taɓa furolaktin daga ƙwayar sha'ir ɗin yake, ana samunsa a wadda babu barasa cikinta.

Camfi na biyu shi ne giya tana kwantar da yaro mai rigima ya yi barci. A 1998 wani gwajin na cibiyar Monell ya nuna akasin haka: jariran da suka sha nono mai barasa sun yi barci ƙasa da na kullum a sa'o'i uku da rabi da suka biyo baya, kuma kason barcin da ƙwaƙwalwa ta fi aiki a cikinsa ya ragu. Dangane da abin da zai biyo baya shekaru, sakamakon bincike ya rabu. Ruth Little da abokan aikinta sun bi jarirai 400 a Amurka, suka wallafa a 1989 cewa 'ya'yan masu sha kullum sun ɗan yi baya wajen sarrafa gaɓoɓi a shekara ɗaya, amma wani binciken da ta yi daga baya a Ingila bai sami haka ba. A 2018 wani nazari kan yara sama da 5,000 a Ostireliya ya sami ɗan raguwar basirar warware matsala a shekara 6 zuwa 7, wadda ba a ƙara ganinta ba a shekara 10 zuwa 11. Inda babu jayayya shi ne yawan sha, wanda ke jawo wa jariri kasala, yawan gyangyaɗi da rashin ƙaruwar nauyi. Mai hankali ba ya buƙatar masana su gama muhawara kafin ya yanke hukunci a nan. An auna amfanin da ake faɗa an tarar babu shi, an auna illar an tarar da wata tabbas, wata kuma ana zato. Wanda zai ɗauki asarar kuwa jariri ne da ba a nemi shawararsa ba.

To, mai karatu zai ce, ai hukumomin lafiya na Amurka da kansu sun ce kofi ɗaya ba komai. Abin da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fara faɗa shi ne rashin sha gaba ɗaya ya fi komai aminci ga mai shayarwa, sannan ta ƙara da cewa ba a san ma'auni ɗaya a rana yana cutarwa ba, musamman idan an jira aƙalla awa biyu. Masu tura saƙon a waya kashi na biyu kawai suke turawa. Sannan kalmar ma'auni tana da iyaka a wurinsu: giram 14 na zallar barasa, wato giyar kwalba mililita 355 mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Babbar kwalbar da ake sayarwa a Najeriya mililita 600 ce, tana ɗauke da kusan giram 24, saura kaɗan ta cika ma'auni biyu. Baƙar giyar da ake yi a nan mai ƙarfin kashi 7.5 kuwa, babbar kwalbarta ta kai giram 35, wato ma'auni biyu da rabi. A lissafin CDC ɗin dai, ma'auni biyu na daɗewa awa 4 zuwa 5 a cikin nono, uku kuma awa 6 zuwa 8. Ke nan matar da ta ce kwalba ɗaya kacal ta sha, ta jira awa biyu, nononta bai tsarkaka ba. Wannan ma a giyar da ke da rubutu a jikinta ke nan. Burukutu ba shi da takarda, ƙarfinsa ya bambanta daga tukunya zuwa tukunya, kuma yana ci gaba da tsima daga safe zuwa yamma, ƙoƙon da ake sha da shi ma kowa da girman nasa. Ogogoro ya ninka shi ƙarfi sau da yawa, kuma ba a manta da mutanen da suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas a 2015 ba, bayan sun sha wanda gubar metanol ta gurɓata. Lissafin da ya dogara kan awo ba ya aiki inda babu ma'auni.

Sai batun lokaci. Sabon jariri yana shan mama sau 8 zuwa 12 a dare da rana, kusan duk awa biyu ko uku, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi duk lokacin da ya nema, nono zalla har wata shida. Matar da aka rubuta wa shawarar awa biyu tana da na'urar tatsa, tana da firjin da wuta ba ta ɗaukewa, ta ajiye nono tun kafin ta sha, wani ya ɗumama ya ba yaro. Nonon da aka tatsa yana yin kimanin awa huɗu ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yana haura digiri 40, kuma Bankin Duniya ya ce a 2021 'yan Najeriya miliyan 85 ba a haɗa su da babban layin wutar lantarki ba. Me zai faru a cikin awa biyar ɗin da ya kamata a jira? Ɗayan biyu ne. Ko dai a ɗura wa yaro ruwa ko koko don ya yi shiru, a karya shayarwar nono zalla a ƙasar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 na jarirai ne kawai ke samunta, ko kuma uwa ta ba shi maman da barasarsa. Na biyun ya fi yiwuwa, domin babu uwar da za ta iya sauraren kukan ɗanta na awa biyar tana duban agogo.

Babban haɗarin ma ba ta cikin nono yake bi ba. A yawancin gidajenmu jariri yana kwana jikin uwarsa, a gado ɗaya ko tabarma ɗaya, kuma wannan al'ada tana taimaka wa shayarwar dare ƙwarai. Amincinta ya dogara ne kan abu guda, wato barcin mai shayarwa ba ya nauyi, motsi kaɗan yaro zai yi ta farka. Barasa tana kashe wannan farkawar. Binciken da aka yi a Ingila da wasu ƙasashe kan mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci ya nuna haɗarin yana ninkuwa sau da yawa idan babban da ke kwance da jariri ya sha giya, shi ya sa ko ƙasashen da suka sassauta kan kofi ɗaya ba su sassauta a nan ba: wanda ya sha, uwa ce ko uba, kada ya kwanta da jariri. Su suna da ɗan gadon jariri a gefe. A ɗakin da mutum biyar ke kwana, ina za a kai shi? Haka batun goyo. Mace tana girki a kan murhu, tana ɗiban ruwa a rijiya, tana hawa babur, duk da yaro a bayanta, kuma ƙoƙo biyu sun isa su rage mata daidaiton tafiya da saurin kai hannu. Shawarar da aka gina kan cewa uwa da jariri za su iya rabuwa na wasu sa'o'i ba ta san irin renon da ake yi a nan ba.

Wasu za su ce kakanninmu sun sha sun shayar, ga mu mun girma lafiya. Masu faɗar haka su ne waɗanda suka rayu, waɗanda ba su rayu ba babu mai jin ta bakinsu, kuma a zamanin da ake magana yara suna mutuwa da yawa ba tare da an bincika sababi ba. Daɗewar al'ada ba ta zama hujjar amincinta, kuma wannan hukunci bai tsaya kan al'adun maƙwabta ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazari kan yawan ciwon zuciya da ke kama masu jego a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gadon wuta. Iyayen da ke dama wannan kunu da ƙauna suke yi, haka ma surukar da ke miƙa bammi. Kyakkyawar niyya ba ta canja abin da gishirin kanwa ke yi wa zuciya, ba ta kuma canja abin da barasa ke yi wa oksitosin.

Akwai kuma wanda zai ce wannan magana ba tamu ba ce, mu Musulmi ne, giya haramun ce ga mai goyo da marar goyo. Hukuncin addini a fili yake, kuma shi ne ya kare mafi yawan matanmu daga wannan matsala. Amma Hausa harshen miliyoyin da ba Musulmi ba ne, ungozomar da ke aiki a Jos ko Zonkwa ko Sabon Garin Kano kowa take karɓa, sannan haramci ba ya nufin babu mai aikatawa, yana nufin mai aikatawa za ta ɓoye. Akwai ma barasar da ke shiga gida ba da sunanta ba, cikin kwalaben jiƙe-jiƙen saiwa da ɓawo da ake tallatawa a tashoshin mota da sunan maganin basir, ciwon baya ko wankin ciki, waɗanda da yawansu cikin barasa aka jiƙa su. Kusa da ita akwai abin da ya fi ta haɗari ga jariri, wato ƙwayoyi irin su kodin. Binciken shaye-shaye da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna ɗaya cikin kowane huɗu na masu shan ƙwaya a Najeriya mace ce. Hanta tana mayar da kodin ya zama mofin, jikin wasu yana yin haka da sauri fiye da kima, mofin ɗin ya bi nono ya rage wa jariri numfashi. Saboda haka hukumar magunguna ta Turai ta hana masu shayarwa kodin a 2013, ta Amurka kuma ta yi gargaɗi kan kodin da tiramol a 2017. Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma duk mai bin labaran kame ya san bai ƙare ba. Wanda ya ce zancen maye da shayarwa bai shafi unguwarsa ba, bai duba da kyau ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa tsananta magana zai sa matar da ta kasa barin sha ta bar shayarwa, ta koma madarar gwangwani ko koko. Wannan tsoro yana da tushe, kuma yana cikin dalilan da suka sa likitocin Yamma suka sassauta. A wurin da ruwan sha ba shi da tsabta, kuɗin gwangwani kuma ya fi ƙarfin albashi har ana tsinka madarar da ruwa don ta kai ƙarshen wata, yaye jaririn wata biyu ya fi ɗigon barasa a nono haɗari nesa ba kusa ba. Mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta a 2016 cewa yawaita shayarwa zai ceci rayukan yara sama da 800,000 a shekara, ya kuma hana kusan rabin gudawar da ke kama su. Idan saƙon bari giya ya zama sanadin barin mama, an gudu ba a tsira ba. Sai dai maganin wannan ba sassauta gaskiya ba ne, cika ta ne. A ce wa mace kada ta sha, sannan a gaya mata abin da za ta yi idan ta riga ta sha: ta miƙa yaron ga wanda bai sha ba, kada ta goya shi, kada ta kwanta da shi daren nan, ta jira awa biyu zuwa uku kan kowane ma'auni tare da sanin cewa kwalba ɗaya ta fi ma'auni ɗaya, sannan ta ci gaba da ba shi mama kamar kullum. Wadda sha ya zame mata jiki kuwa mara lafiya ce, likita take buƙata, domin yankewa farat ɗaya bayan daɗewa ana sha da yawa shi ma yana da nasa haɗarin.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an yi tambaya, kuma ba a cika yi ba. A wurin awon ciki da ranar rigakafi ana auna nauyi, ana duba kati, amma da wuya a tambayi mace me take sha, ko don kunya, ko don an ɗauka mai lulluɓi ba ta sha, ko don gudun kada ta ji an zarge ta. Ɗakin awo ba ofishin Hisba ba ne, kuma matar da ta san amsarta ba za ta fita daga ɗakin ba za ta faɗi gaskiya. Ya kamata tambayar ta zama ta kowa da kowa, kamar auna hawan jini, a yi ta a keɓe cikin mutunci, ta haɗa da giya, da jiƙe-jiƙe, da magungunan da ake saya a kemis ba takardar likita. A kuma cike gurbin camfin da abin da aka tabbatar yana kawo nono: sa yaro a mama cikin awa ta farko bayan haihuwa, ba shi dakashi, yawan ba shi dare da rana, gyara masa kamu, da barinsa ya shanye mama ɗaya kafin a juya shi ɗayan. Ita kuma uwar a ƙara mata abinci, wake, gyaɗa, ganye, fura da nono, ƙwai ko kifi gwargwadon hali, a ba ta ruwa mai tsabta, a rage mata aiki ta samu barci.

Mai jego ba ta cika zaɓar abin da za a kawo mata ba, miji ne ke saye, uwa ko suruka ke miƙawa. Saboda haka kiran nawa gare su ya fi yawa, tare da ungozomomi da ma'aikatan lafiya da malamai da limaman coci da ke da bakin magana a gidajen suna. Kuɗin kwalba a saya mata wake da ƙwai da shi. Mijin da ke sha ya sani dokar kwanciya da jariri ta hau kansa kamar yadda ta hau kan matarsa. Wanda saƙon awa biyu ya shigo wayarsa kuwa, kada ya tura shi gaba sai ya haɗa da jimlar farko da masu shi suka fara da ita, cewa rashin sha gaba ɗaya shi ne mafi aminci ga mai shayarwa da abin da take shayarwa.